Habiz Mai Ƙaurin Roba

A Hillat Garba, can gabas da Rufa'a, kowa ya san Mujahid ɗan Huseina yana son Najwa, kowa kuma ya san abin da uwarta Hajja Sakinatu ta ce. Ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi ba za ta ba da 'yarta ga mutumin da in an tambaye ta sana'arsa sai ta tsaya tana kame-kame ba. Samarin garin kowa da abin da ake kiransa da shi. Wannan yana noman albasa a hawasha, wato gonar ubansa, wancan yana jan raksha, babur mai ƙafa uku, wani yana kai lemun tsami kasuwa. Shi kuwa Mujahid kwamfuta gare shi.

Kada dai a ce ba ya ƙoƙari. Ya share tsohon ɗakin buhuna na marigayi babansa, wanda ƙofarsa ke kallon titi, ya shafa masa shuɗin fenti, ya jera benci biyu, ya rubuta "Nadin Wasanni" a saman ƙofa da harufan Larabci manya-manya, wato gidan da yara za su riƙa biya su yi wasan kwamfuta. Matsalar ɗaya ce tak: kwamfutar ta tsufa tukuf. In yara suka zauna wasan ƙwallo, sai ɗan wasa ya ɗaga ƙafa ya daskare a sama, ya yi ta nazari, can sai a ga ƙwallo a raga ba a san ta inda ta bi ba. Yara ba su da haƙurin wannan. Suka koma wa wayoyin yayyensu, suka bar Mujahid da bencinsa.

Ya san inda ciwon yake. Kartin shasha ne, wato ɗan allon nan da ke cikin akwatin kwamfuta, wanda shi ke zana duk hoton da ido ke gani. Nasa ya gaji, sabo kuwa kuɗinsa ya kai na saniya da maraƙinta, Mujahid ko akuya ba shi da ita. Amma ya riga ya cika baki, kuma a gaban Hajja Sakinatu ya cika shi. Ya ce mata ranar ƙaramar salla nadinsa zai dawo sabo, yara za su yi layi har bakin masallaci, daga nan duk wanda ya tambaye ta sai ta ce surukinta mai nadi ne. Hajja ta dube shi ta saman gilashinta ta ce, "Allah shi kai mu."

Ana cikin goman ƙarshe na azumi ya shiga mota zuwa Rufa'a, wurin Kamal. Kamal yana da wani ɗan shago a lungun masu gyaran waya, inda duk abin da ya mutu a Madani da Khartum yake zuwa ya huta. Ya ja akwati daga ƙarƙashin tebur, ya fito da wani karti baƙi mai fanka biyu, ya busa masa ƙura, ya ɗora shi a tafin hannu kamar jariri.

"Ya zol, wanga karti ko Madani ba ka samun irinai."

"Shina aiki?"

"Ya yi aiki ƙwarai a zamaninai."

"Matacce ne ke nan."

"Astagfirullah! Suma yay yi. Dalmar da ke ƙarƙashi ce tat tsage don zahi. Ka sa shi cikin furun na gashin burodi 'yan mintoci, ta narke ta sake kamawa, halas, ya tashi. Duba nan."

Ya nuna masa bidiyo a waya. Wani mutum ne a ɗakin girki fes, da tanda mai ƙofar gilashi da lambobi a goshi. Mutumin ya faɗi abubuwa uku, ya ma maimaita su: a cire duk wata roba da ke jikin kartin, a auna zafin tanda, kada kuma a kuskura a gasa shi inda ake gasa abinci. Mujahid ya yi ta jan bidiyon da yatsa don ya isa wurin da hoto ya fito tangaram. Wurin kaɗai ya kalla, ya kalle shi har sau uku. Ya ba da tsohon kartinsa da agogon hannunsa da ɗan abin da ke aljihu, ya dawo gida yana jin ya cuci Kamal.

Tanda mai lambobi dai babu ita a Hillat Garba. Furun ɗaya ne a garin, na Abdulƙadir mai burodi, ginin jan bulo mai baki kamar kogo. A irin waɗannan kwanaki kuwa furun ba na Abdulƙadir ba ne, na mata ne. Da zarar an kwashe burodin rana, zafi ya lafa, sai ka ga siniyoyi, wato farantan ƙarfe na gashi, na fitowa daga kowane lungu a kan kawuna, cike da habiz ɗin salla: ka'ak, biskit, da ƙanana masu dabino a ciki. Mace takan yi shekara tana tara gari da man shanu saboda wannan, don ranar salla duk wanda ya shigo gaisuwa da habiz zai auna gidan. Da yake siniyoyin duk kamarsu ɗaya, kowane gida yana da alamarsa a bayan tasa. Wasu da fenti, wasu da ƙusa suka karce. Yaron da bai iya karatu ba ma ya san siniyar gidan wane.

Mujahid bai tambayi uwarsa siniya ba. Nata duk sun cika, kuma Huseina ba ta ba da cokali sai ta ji tarihin abin da za a ci da shi. Sai ya tsare Najwa a bakin famfo.

"Ara mini siniya guda, ƙarama. Kahin magariba na maido."

"Mi za ka yi da ita?"

"Sai salla ki gani," ya ce, yana wani murmushi.

Najwa ta zaci wani abu zai sa a gasa mata. Ta shiga ta zaro ɗaya daga cikin na uwarta, ta miƙo masa ta kan katanga tana ɓoye dariya da gefen tob, mayafin da ta lulluɓa da shi.

A nadi ya rufe ƙofa ya hau aiki. Fankokin sun fita lafiya. Murfin roba da ke rufe da kartin kuwa noti ɗaya ya ƙi. Ya murɗa, ya zage shi, ya murɗa, har kan notin ya lashe. Da wani ne, da ya tsaya nan, ya koma wa Kamal. Mujahid ya dubi murfin ya yanke hukunci cewa takardar gasdir, wadda ake naɗe kifi da ita, za ta kare shi daga wuta. Ya dunƙule 'yan ƙwallaye da gasdir ɗin ya ɗora kartin a kai, ya lulluɓe siniyar duka, ya ɗauka a ka ya bi sahun mata.

Bayan la'asar ne, bakin furun ya cika. Abdulƙadir yana azumi a gaban wuta, gumi har gwiwa, ba shi da ƙarfin yi wa kowa tambaya mai tsawo.

"Mi ag ciki?"

"Abin gida ne, ya ammi. Ba shi son daɗewa."

Abdulƙadir ya ɗora siniyar a kan dogon katakonsa ya tura ta can tsakiya, tsakanin habiz ɗin gidajen rabin unguwa, har da na Huseina. Mujahid ya tsaya a gefe yana duba wuyan hannunsa, inda agogo yake a da.

Da farko ƙamshin man shanu ne ya cika wurin. Sai wata mata ta ɗaga hanci. Sai ta biyu. Kafin a ce wani abu, hayaƙi baƙi mai kauri ya turnuƙo daga bakin furun, da ƙauri irin na tayar da aka cinna wa wuta. Mata suka ja baya suna tari, suna toshe hanci da tob, suna salati. Abdulƙadir ya shiga jawo siniyoyi ido rufe yana zubarwa a ƙasa. A cikin wannan hayaƙi Mujahid ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, wato sauri. Ya yaye gasdir, ya cafki kartin da shawul ɗin wuyansa, ya fizge shi daga narkakkiyar robar, yatsunsa uku suka soye, ya haɗiye ihun, ya sulale ta bayan furun.

Da hayaƙi ya washe, ga habiz nan ya gasu daidai, launinsa gwanin kyau. Wata tsohuwa da ba ta azumi ta gutsuri ɗaya, ta tofar har da hawaye. Duk abin da ke cikin furun ya sha ƙaurin har ciki. A tsakiyar fili kuma ga wata ƙaramar siniya, babu ko ka'ak ɗaya a kanta, sai wani baƙin dunƙule da ya manne, da 'yan ƙwallayen gasdir a kusurwoyi. Abdulƙadir ya rantse bai san wanda ya miƙo ta ba, hannuwa dai yake gani. Huseina ce ta sa gefen zane ta juya siniyar. Ɗigo uku na jan farce, da harafin sin na Larabci. Alamar Hajja Sakinatu.

Abin da ya ƙara wa wutar mai shi ne, habiz ɗin Hajja shi ne na ɗaya a garin tun kafin a haifi Najwa, kuma nata ta gasa shi tun jiya, yana gida cikin gwangwanaye. Mata ba su ɓata lokaci ba. Baƙin abu, naɗe a gasdir, an jera masa ƙwallaye a kusurwoyi, an tura shi cikin abincin mutane, an gudu. Wata ta ce ta taɓa ganin irinsa a wurin wata mai tsibbu a Kamlin. Wata ta ce dama tun bara da aka yabi biskit ɗin maƙwabciyarta Ibtisam, Hajja ba ta sake sakin fuska ba. Wadda muryarta ta fi ta kowa tashi ita ce Huseina, don siniyoyinta ne suka fi kusa da abin.

Aka aika aka kira Hajja. Ta zo a hankali, ta tsuguna, ta juya siniyar, ta sunsuna baƙin dunƙulen. Kowa na jiran rantsuwa ko kuka. Ta miƙe ta kakkaɓe tob ɗinta.

"Siniyata ce," ta ce. "Kowa ta aiko a amshi nawa, ta kawo mini nata."

Haka kuwa aka yi. Kafin a kira magariba gwangwanayen Hajja sun watsu gida-gida, ɓataccen habiz na rabin unguwa ya taru a ɗakinta. Mata suka karɓa, suka kuma ce ai biyan da ta yi shi ne shaidar ita ce.

Mujahid bai san da wannan ba tukuna, yana nadi hannu cikin kofin ruwa. Da kartin ya huce ya mayar da abin da zai mayu, ya soka shi, ya bar akwatin a buɗe, ya ɗauko fankar ɗakin uwarsa ya saita masa, ya yi bisimilla ya danna. Allo ya yi baƙi. Ya ƙura masa ido. Sai hoto ya fito.

Gaskiya dai a faɗe ta, abin ya yi kyau. Ciyawar filin ƙwallo ɗaya-ɗaya ake ganinta. Ɗan wasa ya ɗaga ƙafa ya buga ba tare da ya tsaya shawara da kowa ba. Mujahid ya ji hawaye na neman zubo masa, ya ce a ransa duk garin nan babu mai kai irin nasa. Da aka sha ruwa ya shiga gida, ya tarar da uwarsa tana ba da labari tana kumfar baki, gwangwanin Hajja a buɗe a gabanta. Nan ya ji komai. Ya ɓoye hannu a aljihun jallabiya, ya ce, "Subhanallah, mutane!" Ya sa ɗaya hannun ya ɗauki ka'ak. Ya narke masa a baki, ya ƙara wani.

Washegari Najwa ce ta tsare shi a bakin famfo. Ba ta yi kwalliya ba, idonta ya kumbura.

"Ban hwaɗa wa Inna ba," ta ce. "Ta tambaye ni, nic ce ban sani ba. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai jiya. Ina so kai ka hwaɗa da bakinka."

"Zan hwaɗa mana. Amma ki duba, yanzu mutane na cikin hushi. In anka ji ni ne, wa za shi bar ɗanai shi zo nadi ran salla? Bari a yi salla, ta ga layi da idonta, sannan in yi mata bayani a natse."

"Jiya mata biyu sunka ƙi amsa mata sallama."

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya Najwa. Kwana nawa ne? Don mu nike yi."

Ta dube shi, ta dubi tsumman da ya naɗe yatsunsa da shi, ta ɗauki jarkarta ta tafi.

Ranar salla alkawarin Mujahid ya cika. Ana saukowa daga idi yara suka yi dafifi a ƙofar nadi da sababbin kaya da kuɗin barka da salla. Layin bai kai masallaci ba, amma ya wuce shagon mai gawayi, wanda a wurin Mujahid kusan duk ɗaya ne. Ya bar su suna ihu, ya gyara rawaninsa, ya fesa turare, ya nufi gidan Hajja yana tafiyar mai sana'a.

Al'adar garin ce ranar salla a bi gida-gida ana neman gafara. Mai shigowa ya ce a yafe masa, mai gida ya ce ya yafe don Allah da Manzo, ba a tambayar laifin me, a kawo habiz da alewa, a yi wa saurayi addu'ar baɗi war haka yana ango. Mujahid ya lissafa wannan tun a hanya. Ya ga in ya nemi gafara aka ba shi, to ai an gama, ko ba a ambaci furun ba.

Hajja tana zaune a kan angarib, gadon igiya, a inuwar rakuba, rumfar tsakar gida. Gidan da kowace salla ba a samun wurin ajiye takalmi, yau kujeru ne kawai ke kallon juna.

"Al'afu wal afiya, halti. Ki yahe mini."

"In yahe maka mi, ɗana?"

Mujahid ya yi 'yar dariya. Ba haka ake amsawa ba.

"Haka nan dai, na salla. Abin da anka yi da sani da wanda anka yi ba a sani ba."

"To. Zamna. Najwa, kawo wa baƙo habiz."

Najwa ta fito da siniya ta ajiye a gabansa ba tare da ta dube shi ba. Ƙaramar siniyar ce. Ba a kankare cikinta ba. Baƙin dunƙulen yana nan a tsakiya, an jera ka'ak kewaye da shi tsaf, an barbaɗa sukari. Ta koma ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki.

Mujahid ya sha jinin jikinsa. Ga siniya, ga uwa, ga 'ya, ga hannunsa a naɗe a kan gwiwa, babu kuma kowa a gidan da zai ji. Da ya buɗe baki a lokacin, kalma biyu sun isa. Sai ya tuna layin da ke ƙofar nadi, ya miƙa hannu ya ɗauki ka'ak. Ɗaci ya bugi harshensa, ƙaurin ya hau masa har cikin hanci. Ya tauna, ya haɗiye, idonsa ya kawo ruwa.

"Ƙara," in ji Hajja. Ya ƙara. "Yaya kaj ji shi?"

"Wallahi, halti, hannunki daban ne. Bai taɓa daɗi awa na bana ba."

Najwa ta saki labule ta shige ciki.

Hajja ta cire gilashinta ta goge da gefen tob, ta daɗe tana gogewa.

"Tun sahe 'yan kaɗan sun shigo," ta ce. "Wanda yas sa baki sai shi aje, shi ce azumi ya ɓata mai ciki. Liman ma cewa yay yi likita ya hana shi zaƙi. Kai kaɗai kac cinye biyu har kar rantse. Najwa ba ta hwaɗa mini komi ba, hannunka da fankar uwarka da ke nadi sun ishe ni. Ni ba habiz ke damuna ba, na yi wani baɗi. Zagin mata ma na saba. Amma ba ni ba ɗiyata ga mutumin da za shi zamna gabanta shina tauna abin da yaƙ ƙona, shina rantsuwa da daɗi."

"Halti, dama ina nuhin bayan salla..."

"Baɗi war haka kana ango, in sha Allah," ta katse shi, da muryar da ake yi wa kowane saurayi addu'a. "Allah shi ba ka ta gari, can wani gida. Ɗauki siniyar, taka ce. Tun da kana son shi, kada shi lalace."

Babu yadda zai yi. Ba a mayar da kyautar salla. Ya ɗauki siniyar da hannu biyu ya fito, rana tsaka, titi cike da masu gaisuwa. Hanyar gidansu ɗaya ce, kuma a ƙofar gidan Huseina na zaune da matan unguwa, suna shan shayi da habiz ɗin Hajja, suna ƙarasa cin namanta. Hira ta tsaya. Babu wadda ba ta gane baƙin dunƙulen ba.

"Mi ya kawo wagga la'anannar siniya gidana?" in ji Huseina.

Ta fizge ta daga hannunsa, ka'ak ya watse a ƙasa, ta juya ta kamar yadda ta juya ta a bakin furun. An kankare ɗigo ukun da harafin sin. A wurinsu an yi sabon rubutu da jan farce, rubutun Najwa, ƙanana kuma a tsare. Huseina ba ta iya karatu a zuci ba, sai ta ɗaga murya tana haɗa harufa ɗaya bayan ɗaya, matan duk sun miƙo wuya.

"Mu... ja... hid."

Daga cikin nadi yara suka kwashe da ihu, wani ya ci ƙwallo.